Maganar "a dama da kowa" a fim da tele: amsa ga ƙanwata mai karatu makarantar jarida da fim ta Yamai, wadda anka sani da IFTIC

Ƙanwata, tambaya biyu kinka haɗa mini cikin saƙo guda. Ta farko, wai tsarin nan da Turawa sunka shigo da shi cikin finafinansu da tele, na cewa dole a dama da kowa, baƙar fata da mata da naƙasassu da sauransu, gyara ne ko ɓarna, don kin ga ana ta cacar baki kanshi a intanet, wasu na cewa ya kashe fim, wasu na cewa bai ma kai ko'ina ba. Ta biyu, mu nan Nijar mi ya shafe mu. Zan faɗa miki yadda na gane abin, ni da na daɗe cikin rubutun senariyo (labarin fim a rubuce) da montaj (yanka da haɗa hotunan fim) nan Yamai, na zauna cikin kwamitin zaɓen dosiyen masu neman tallafin fim, na kuma sha kai nawa dosiyen a zaɓa ko a yar.

Ra'ayina dai tun farko, don kar ki wahala nemanshi: duk dokar da ke buɗe ƙofar aiki, ta sa wanda ba ya da uwa a gindin murhu ya samu riƙe kamara ko alƙalami ko ya zauna inda ake raba kuɗi, ina bayanta ɗari bisa ɗari. Dokar da ke shiga cikin labarin kanshi tana cewa sa wane cire wane, wannan ban yarda da ita ba ko daga ina ta fito. Mafi yawan masu faɗan nan na intanet sun cuɗe biyun wuri guda shi ya sa ba su taɓa fahimtar juna.

Ki san inda abin ya faro. Ba haka kawai mutane sunka tashi da safe sunka ce a yi doka ba. A 2012 jaridar Los Angeles Times ta binciki su wa ke jefa ƙuri'ar Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, sai ta tarar kashi 94 cikin ɗari farar fata ne, kashi 77 maza ne. A 2015 mutum 20 da anka fidda takara a rukunin 'yan wasa duka farar fata, a 2016 kuma abin ya sake maimaituwa, 20 cif babu baƙi ko guda. A 2015 ɗin ne wata baƙar Ba'amurka, April Reign, ta ƙirƙiro taken da ya bazu a intanet cewa Oscar ya yi fari da yawa. Kuma ciwon tsoho ne, don Hattie McDaniel, baƙar fata ta farko da ta ci Oscar a 1940, ranar bikin ma teburi daban anka ware mata nesa da abokan aikinta. Mace ba ta ci kyautar darakta ba sai 2010. To wanda ya ce miki da can cancanta kaɗai ke aiki sai yanzu anka ɓata, ki tambaye shi cancantar wa, a idon wa.

A watan Satumba 2020 masu Oscar sunka fito da sharuɗɗa huɗu, sunka fara aiki da su a bikin 2024, kuma ga babbar kyautar gwarzon fim kaɗai. Na farko ya shafi abin da ake gani, wato 'yan wasa da jigon labari. Na biyu masu aiki bayan kamara da shugabannin sassa. Na uku horo da sitaj da kamfani ke ba matasa daga rukunan da anka bari baya. Na huɗu ma'aikatan talla da rarraba fim. Abin da masu ihu ba su faɗi shi ne biyu kacal ake buƙata cikin huɗun, ke nan kamfani na iya cika na uku da na huɗu ba tare da ya taɓa ko layi guda na senariyo ba. Shaida kuwa, shekarar farko da dokar ta fara aiki, fim ɗin da ya ci shi ne Oppenheimer, labarin masana kimiyya da sunka ƙera bam ɗin nukiliya, kusan dukansu maza farar fata. Ba wanda ya tilasta a maida su baƙi. Saboda haka zancen wai an hana yin fim ɗin tarihi yadda yake ba gaskiya ba ne. In ma akwai abin zargi ga dokar, sai dai a ce ta yi sauƙin cikawa har manyan kamfanoni ba su ji ta a jikinsu ba.

Abin da na ga ya fi canza al'amura ba sharuɗɗan ba ne ma, shigo da sabbin masu ƙuri'a ne da anka yi bayan 2016, mata da mutanen wasu ƙasashe da yawa. A 2020 fim ɗin Koriya ta Kudu cikin harshen Koriya ya ci gwarzon fim, abin da bai taɓa faruwa ba ga fim ɗin da ba na Ingilishi ba. Ba wanda ya gyara ma daraktan labarinshi, masu kallo da yanke hukunci ne sunka canza.

Faransa ta bi wata hanya, tunda su dokarsu ba ta cika yarda a ƙidaya mutane bisa launin fata ba sai sunka fi maida hankali ga mata. Hukumar fim ɗinsu CNC tun 2019 tana ƙara kashi 15 cikin ɗari na tallafi ga fim ɗin da ya daidaita maza da mata a manyan muƙaman ekip. Ba hukunci, ba hani, ka yi ka samu ƙari, ka ƙi ka tsaya da abin da kake samu da. Ni wanga salon ya fi kwanta mini. Amma maganar launi tana nan ba ta mutu ba, a 2018 Aïssa Maïga da wasu 'yan wasa baƙaƙe mata, su 16, sun fito fili sun faɗi irin rol ɗin da ake ba su kullum, mai shara, mai reno, karuwa, 'yar gudun hijira.

Yanzu masu suka, kar ki ɗauka duka 'yan wariya ne. Akwai 'yan wariyar, kin ga zagin da anka yi ma yarinyar nan Halle Bailey a 2023 don Disney ta ba ta rol ɗin 'yar ruwa, halittar da ba ta ma wanzu ba balle a ce ga launinta, wannan ƙiyayya ce tsagwaronta ba sharhin fim ba. Amma akwai masu suka da hujja, kuma ni ina cikinsu a wurare biyu. Wuri na farko, mutumin cika lissafi. Kina kallon fim ki ga an sa baƙi guda ko mace guda, ba ya da uwa ba ya da gida ba ya da abin da yake so a rayuwa, ba ya kuskure ba ya fushi, aikinshi kawai ya tsaya a gan shi, marubucin na tsoron ba shi aibi kar a ce ya ci mutuncin jinsinshi, to mutumin da ba ya da aibi ai ba mutum ba ne, kuma mai kallo na ganewa nan take ko bai yi lakkwal ba. Wuri na biyu, ɗaukar tsohon labarin Turawa a canza ma jarumin fata a ce an yi adalci. Tatsuniyar 'yar ruwan nan ta ƙasar Danmak ce. Mu nan bakin kogin Isa muna da Harakoy Dikko, uwar ruwa da Zabarmawa da Sonrai sunka san labarinta kaka da kakanni, muna da Gizo da Ƙoƙi, kuɗin da anka kashe wurin sake tsohon labari da sun isa a yi namu da dama. Kamfani ya fi son sake abin da ya tabbata zai sayu, ya shafa mishi sabon launi, ya samu yabo kyauta. Kuma kin ga da iska ta juya, bayan kotun ƙolin Amurka ta soke fifikon launi wurin ɗaukar ɗalibai a jami'a a 2023, Trump kuma ya dawo a 2025 ya soke irin waɗannan tsare-tsare a gwamnati, kamfanoni da yawa sun janye jiki shiru. Abin da anka yi don kasuwa, kasuwa ce ke tsaida shi.

Akwai kuma abin da na san shi ne a ran mutanenmu da yawa in anka tada zancen nan a fada, wato maganar masu auren jinsi. Gaskiya ne suna cikin rukunan da sharuɗɗan Oscar sunka lissafa, tare da mata da ƙabilu marasa rinjaye da naƙasassu da kurame, ba zan ɓoye miki ba. Amma dokar ba ta ce dole kowane fim ya sa su ba, kuma ba ta hau kan mai fim a Tawa ko Damagaram ba. Uba na da haƙƙin duba abin da ɗiyanshi ke kallo, al'umma na da haƙƙin tsara abin da tele ɗinta ke nunawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne in anka ɗauki wagga magana guda anka rufe bakin kowa da ita, ka ce a ba mata kamara a ce kai ɗan koren Turawa ne, ka ce a daina maida makaho abin dariya a ce ajandar waje ce. Makahon unguwarmu ba Bature ya kawo shi ba.

Nan na zo tambayarki ta biyu, kuma ita ce ta fi damuna.

Mu ma mun daɗe da sanin zafin a ba da labarinka kana tsaye ba ka da ta cewa. Tun 1934 Faransa ta yi dokar Laval, wadda ta sa ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka sai da izinin gwamna, a aikace kuwa ɗan ƙasa bai samun izinin. Oumarou Ganda, wanda babban gidan al'adunmu na Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya yi yaƙin Indoshin cikin sojan Faransa, ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwan Abijan, can Bafaranshe mai fim Jean Rouch ya same shi ya sa shi cikin fim a 1958. An ga fuskarshi, an ji muryarshi, in da lissafin fuska ne kawai da an ce an gama. Amma Ganda bai tsaya nan ba sai da ya riƙe kamara da kanshi ya yi Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida kuɗinshi sunka ƙare abokai sunka watse, cikin Zabarmanci, yadda shi ya ji abin a jikinshi. A 1972 shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu. Moustapha Alassane kuma, da ya zauna Tawa shekaru masu yawa, da kwaɗin finafinanshi na zane ya yi ma shugabannin Afirka ba'a tun cikin shekarun 1960. Rouch ya taimaka musu ba na musu, ya buɗe ƙofa ya koyar, kuma wannan ne ainihin abin da nike cewa, amfanin ya zo ne ranar da kamara ta canza hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

To amma mu duba namu ɗakin. A Nijar mu Hausawa mu ne masu rinjaye, kuma kundin tafiyar da mulki da anka fidda a 2025 ya maida Hausa harshen ƙasa. Ni Bahaushe ne ɗan Adar, na ji daɗi, amma na san nauyi ne ya hau kanmu, don wurin da farar fata yake a Hollywood, mu ke zaune wurin nan a gida. Yaushe rabon ki ga fim ko wasan tele mai tsawo cikin Kanuri, ko Tubanci, ko Gurmanci, ko harshen Buduma na tafkin Cadi? Abin da ke akwai cikin Tamajak da Fulatanci ma bai taka kara ya karya ba. Kuma in sun fito cikin namu wasannin ya suke fitowa? Buzu mai gadi ne da takobi da butar shayi, Bafillace shi ne wanda ake cuta a kasuwa ko wanda shanunshi sunka ci gona, baƙauye kullum wawa ne da bai san bakin tele ba. Mu kanmu mun san zafin abin, don in kin kalli finafinan Kano da yawa, ɗan Nijar in ya fito to mai shayi ne ko mai ga-ruwa, Hausarmu ta "munka" da "sunka" kuma ita ce abin ba da dariya. Muna jin haushi in an yi muna, mu juya mu yi ma na kusa da mu. Wasan taubasantaka da ke tsakanin ƙabilunmu abu ne mai kyau da muke alfahari da shi, amma shi kowa na ramawa, fuska da fuska. A tele wanda anka yi ma ba'a ba ya da bakin ramawa tunda ba shi ke riƙe da alƙalamin ba.

Ga maganar fata, wadda ba mu son a taɓa. Na zauna wurin zaɓen 'yan wasa inda yarinya ta fi kowa iya wasa nesa ba kusa ba, furodusa ya ce baƙa ce ba za ta sayu ba a ba ta rol ɗin 'yar aiki, a nemo fara ta zama amarya. Bahaushe ne ya faɗi haka game da ɗiyar Bahaushe, a Yamai. Daga baya mu zo muna wa'azi kan 'yan mata masu shafa man canza fata, alhali mu munka nuna musu wadda ake aure da wadda ke wanke kwanoni.

Ga naƙasassu, in ba bara ba to addu'ar tausayi. Ban cika ganin gurgu a wasanmu yana malamin lakkwal ko tela ko mugun mai gida ba, mutum dai kamar kowa, alhali cikin gari suna nan suna duk waɗannan. Ga kuma wanda ya fi duka nauyi, maganar asali, maƙera da maroƙa da waɗanda ake kira ɗiyan bayi. Ƙasarmu ta haramta bauta cikin dokar hukunci a 2003, a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya, matar da anka sayar tana yarinya a matsayin wahaya, wato baiwa ƙwarƙwara, a yankinmu na Tawa. Labari ne da duniya ta ji. Mu da muke da harshen da garin da dangin, fim nawa munka yi kanshi? Kullum soyayyar ɗan Alhaji da 'yar talaka, amma saurayin da anka hana ma aure don kakanshi maƙeri ne, wanda kowace unguwa ta san irinshi, shiru.

Mata kuwa ke kin fi ni sani. Zalika Souley, 'yar wasanmu ta farko tun 1966, mutane sun kasa raba ta da rol ɗin da take hawa, ta sha zagi da tsangwama a gari, Rahmatou Keïta ce ta zo daga baya ta yi fim kan rayuwarta. Aïcha Macky, wadda ta bi ta makarantarku, ta yi fim a 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, tana cikin halin da kanta, mata sunka buɗe mata ciki sunka faɗi abin da ba za su taɓa faɗa mini ba ko na shekara ina roƙo, ni namiji ko ɗakin ba za a bar ni shiga ba. Ba wai namiji ba ya iya rubuta mace ba, ko Bahaushe ba ya iya rubuta Buzu, yana iyawa in ya zauna ya saurara ya kai rubutun a duba mishi, Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya yi fim ɗin Sarauniya Mangu a 1986, a Burkina ma anka ɗauke shi, kuma ya girmama ta. Magana ita ce akwai ɗakunan da ba kowa ke shiga ba, in duk masu kamara irin mutum guda ne to waɗannan ɗakunan ba za a taɓa ganin cikinsu ba.

Sai dai ki yi hattara da ɗaya gefen, don mu nan dokar da ke shiga cikin labari ba daga Oscar take zo muna ba, daga masu ba da kuɗin puroje take zuwa. Tunda ba mu da asusun fim mai ƙarfi, mafi yawan gidajen sinima sun mutu, tele ba ta sayen aiki da daraja, sai kowa ya koma ga ONG da asusun waje, su kuwa da jerin jigoginsu a hannu, auren wuri, ƙaura, ta'addanci, tazarar haihuwa. Duk matsaloli ne na gaske ban ce a'a ba. Amma na taɓa kai senariyo kan wasu 'yan kokowa biyu aminai da neman takobin gasar kokowa ya raba, wata ƙungiya ta ce tana so amma in ƙara yarinyar da anka cire daga lakkwal anka yi ma aure, don dosiyen ya cika sharaɗinsu. Na ƙi, kuɗin sunka wuce. Da na yarda da yarinyar nan ta zama irin mutumin cika lissafin da na faɗa miki, an yi amfani da ciwonta don a buɗe akwatin kuɗi, kuma mai kallo a Ƙonni ko Madawa zai gane wa'azin puroje ne ya kashe tele. Sakamakon haka ɗan Nijar a idon duniya kullum matsala ne, ba ya dariya ba ya kishi ba ya cin amana don son ranshi, sai dai a tausaya mishi.

In da ni ke da ta cewa a hukumar fim ta ƙasa, da ba zan taɓa senariyon kowa ba. Zan ce duk wanda ya karɓi kuɗin gwamnati ya ɗauki matasa sitaj a kamara da sauti da montaj, cikinsu da mata da 'yan jihohi, a biya su ko kaɗan ne don ɗan talaka ba ya iya aikin kyauta wata biyu a Yamai. Kwamitin zaɓen dosiye kar ya zama abokai biyar na Yamai da sunka yi lakkwal tare, a sa na Difa da Agadas da Tilaberi, a yarda mutum ya kare labarinshi da baki cikin harshenshi, don akwai gwanayen ba da labari da Faransancin dosiye ke kayarwa tun a ƙofa. A ware kuɗin fassara, fim ɗin Kanuri a ji shi da Hausa da Zabarmanci, na Hausa a ji shi da Tamajak, da murya ba rubutu kaɗai ba tunda ba kowa ke karatu ba. Sannan ƙananan abubuwan da ke korar mata daga filin ɗauka, aikin dare ba motar maida mutum gida, ba wurin canza kaya, da furodusan da ke cewa ki zo ki same ni otal mu yi maganar rol, waɗannan sun fi kowace doka hana mata aikin nan kuma gyaransu ba ya cin miliyoyi.

Ke kuma tunda kina farkon hanya, kar ki tsaya ga darakta kaɗai don kowa can yake rububi. Ki koyi sauti ko haske ko montaj sosai har a riƙa nemanki, nan ne mata sunka fi ƙaranci kuma nan ne aiki ba ya yankewa. In kin rubuta wanda ba ƙabilarki ba ko mai wata naƙasa, ki kai ma mutum biyu uku daga cikinsu su karanta tun kafin ki ɗauka, ki tambaye su ina ne ƙarya, kuma in sun nuna miki ki gyara ko da wurin ne kinka fi so. Ki turo mini senariyon naki in kin gama zagayen farko, zan duba in Allah ya so, amma sai bayan sati biyu don ina kan montaj yanzu.